Hukuncin Binciken Gida da Waya da Jami'an Tsaro Ke Yi, da Kai Musu Rahoton Maƙwabta

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin garin Gombe ne, ina da shagon kayan masarufi. Kwanakin baya, wajen ƙarfe biyu na dare, jami'an tsaro suka zagaye layinmu, suka ce wasu ɓata-gari suke nema. Suka bi gida-gida har suka faɗa ɗakin iyalina ba sallama, ko ɗankwali ba ta ɗaura ba, suka zazzage akwatunanta, suka karɓi wayata suka karanta saƙonnin da ke tsakanina da ita. Ba su sami komai ba. Bayan kwana biyu ɗaya daga cikinsu ya same ni a shago, ya ce in riƙa sanar da shi abin da ake faɗa a majalisarmu da masu shiga gidan wane da wane, shi kuma zai riƙa ba ni ɗan na kati. Malam, abin da suka yi halal ne tunda hukuma ce? Kuma ya halatta in karɓi wannan aiki?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, ya kuma sanyaya zuciyar iyalinka, domin na san abin da ya fi yi maka ciwo shi ne yadda aka gan ta, ba akwatunan da aka zazzage ba.

Asalin hukunci a shari'a shi ne gidan mutum da sirrinsa suna da alfarma, kuma keta su haramun ne a kan kowa, talaka ne ko mai mulki. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nur, aya ta 27, kada muminai su shiga gidajen da ba nasu ba har sai sun nemi izini sun yi wa mutanen gidan sallama, aya ta 28 kuma ta ƙara da cewa idan aka ce su koma, to su koma. A Suratul Hujurat, aya ta 12, ya hana yawan zato, nan take ya biyo da hana tajassusi, wato bin diddigin abin da mutane suka ɓoye. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wani mutum ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya yi masa gargaɗi mai tsanani, ya ce an sanya neman izini ne saboda ido. Wannan illa da hadisin ya ambata ita ce ta sa hukuncin waya ya zama ɗaya da hukuncin ɗaki, domin a yau abin da ke cikin wayar magidanci, na hotunan matarsa ba hijabi da saƙonnin muryarta da bashin da ake binsa, ya fi abin da ke cikin akwatinsa zama al'aura.

Masu cewa wannan hani bai shafi hukuma ba sun yi kuskure, domin akwai nassin da ya ambaci shugaba da sunansa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan shugaba ya shiga neman abin zargi a cikin mutane, to zai lalata su. Ya kuma ruwaito cewa an zo wa Abdullahi ɗan Mas'ud da labarin wani wanda giya ke ɗiga daga gemunsa, sai ya ce an hana mu tajassusi, amma idan wani abu ya bayyana gare mu za mu yi riƙo da shi. Abdurrazzaƙ kuma ya kawo cewa Sayyidina Umar yana sintiri da dare a Madina tare da Abdurrahman ɗan Auf, suka ga fitila a wani gida suka ji hayaniyar masu shaye-shaye, da Umar ya nemi ra'ayinsa sai ya ce yana ganin sun aikata abin da Allah ya hana, Umar kuwa ya juya ya bar su. Halifa ne, da iko a hannunsa, kuma laifin da ake yi a gidan laifi ne na gaske, amma bai tura ƙofar ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, kuma mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarinsa. A Bauchi, a unguwar Dutsen Tanshi, rikicin Boko Haram na watan Yulin 2009 ya fara, a watan Satumban 2010 aka fasa gidan yarin garin, mu kuma a Gombe mun binne mutanenmu bayan bam ɗin tashar Dukku a watan Disamban 2014 da na babbar kasuwa ana jajibirin ƙaramar salla a watan Yulin 2015. Ina tuna yadda a waɗancan shekaru muke sauka daga babur mu tura shi da hannu idan mun iso shinge, da yadda 'yan agaji, yaran da wasunsu ɗalibanmu ne, suke shafa mana na'ura a jiki a ƙofar masallacin Juma'a, muna ɗaga hannu ba tare da jin an ci mana fuska ba. Wannan bincike na fili, wanda ake yi wa kowa a hanya ko a ƙofar taro don kare rai, halal ne, kuma haƙuri da shi yana cikin taimakekeniya a kan alheri da Suratul Ma'ida ta yi umarni da ita.

Shiga gida da buɗe sirri kuwa ƙofarsa ta fi haka ƙunci. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya faɗa a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da damar bin diddigin laifin da aka ɓoye, sai idan ɓarna ce da ba za a iya gyara ta ba in ta auku, kamar amintaccen mutum ya ba da labarin cewa wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Mafi bayyanar hujja a nan ita ce ƙissar Haɗib ɗan Abi Balta'a da ke cikin Bukhari da Muslim. Gab da buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Haɗib ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi, ya ba wata mata ta kai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Ali da Zubairu da Miƙdad, ya faɗa musu wurin da za su same ta, Raudatu Khakh, da abin da za su karɓo. Da suka riske ta suka fara da tambaya, ta musanta, sai da suka tsananta mata sannan ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Ka duba da kyau: mutum ɗaya aka nufa, a wuri ɗaya, don abu ɗaya, kuma ba a tsayar da dukan matafiyan da ke kan hanyar Makka an kwance musu kaya ba. Da aka kawo wasiƙar ma, sai da aka kira Haɗib aka saurari uzurinsa. Labarin da Annabi ya dogara da shi daga Allah yake, jami'in yau kuwa wahayi ba ya sauka gare shi, don haka dole ya zo da hujjar da wani wanda ba shi ba, wato alƙali, zai auna kafin a taɓa ƙofar mutum. Ƙa'idar malamai ita ce lalura ana auna ta gwargwadonta.

Dokar ƙasa ma a nan ba ta saɓa wa wannan ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi don tsaro, amma ta hanyar doka, ba da ganin damar wanda ke riƙe da bindiga ba. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta ce a yi binciken jiki cikin mutunci, mace ta binciki mace in ba gaggawa ta hana ba, har ma ta tanadi cewa a sanar da matar da ke cikin kulle a ba ta damar kaucewa kafin a shiga wurinta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce shigar mutum ko askinsa ko shekarunsa ba hujjar zargi ba ce. Jami'in da ya yi rantsuwar bin waɗannan dokoki sannan ya take su ya haɗa zalunci da saɓa alkawari, kuma cewa umarni aka ba shi ba zai wanke shi ba, domin ɗa'a tana cikin abin da yake ma'arufi ne kawai.

Saboda haka, bisa yadda ka siffanta, idan suna da sahihin labari a kan wani gida takamaimai a layinku, shigarsu wannan gida tana da fuska. Amma bin kowane gida, da faɗa wa matar aure ba tare da an ba ta damar suturta jikinta ba, da karanta saƙonnin miji da mata alhali ba a tuhume ka da komai ba, wannan haramun ne, kuma zalunci ne da kake da haƙƙin neman a bi maka kadinsa. Ba na ba ka shawarar ka yi jayayya da mai makami da tsakar dare, domin ranka amana ne. Ka tambayi ko su wane ne da ladabi, ka nemi ganin takardar izinin bincike daga kotu, ka roƙi a bar mata su kimtsa, ka kuma kiyaye abin da aka ɗauka. Da gari ya waye ka tafi da mai unguwa da sauran waɗanda abin ya shafa wurin manyansu, in ba a saurare ku ba akwai lauya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da kotu. Kai ƙarar azzalumi ba fita daga ɗa'ar shugabanni ba ce.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro a kanka, domin a ta farko kai aka zalunta, a wannan kuwa ana gayyatarka ne ka zama mai zaluncin. An gaya wa Huzaifa ɗan Yaman cewa wani mutum yana kai maganganun mutane wurin shugaba, sai ya ce ya ji Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba, kuma wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Bukhari ya kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Maƙwabtanka suna sakin baki a majalisa ne saboda sun amince da kai. Wani zai koka da tsadar masara, wani zai soki gwamnati, wani zai faɗi maganar da ɓacin rai ya sa shi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ta'addanci. Ɗaukar irin wannan hira a kai wa jami'i, ko ƙirga masu shiga gidan mutumin da ba a san shi da komai ba, annamimanci ne, kuma kuɗin da aka karɓa a kansa haramun ne. Na kuma lura cewa wanda aka yanka wa kuɗi don ya kawo labari, ranar da babu labari sai ya ƙaga, kuma galibi wanda suke da tsohuwar gaba da shi ne zai fara faɗo masa a rai.

Amma idan ka ga abin da ke barazana ga rai da idonka, kamar ana shigar da makamai wani gida, ko an ɓoye wanda aka sace, ko wani yana kai wa masu garkuwa da mutane abinci da bayanan masu hali, ko 'yan kalare, wato 'yan dabar Gombe, suna shirin far wa wani, to sanar da hukuma wajibi ne a kanka ko da ɗan'uwanka ne na jini, kuma shiru a nan zunubi ne, domin Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali cewa Allah ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Ka faɗi abin da ka gani kawai, ka bambanta shi da abin da ka ji a bakin wani, kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Wannan jami'i idan ya dawo, ka gaya masa cikin mutunci cewa duk ranar da ka ga abin da zai cutar da jama'a za ka sanar ba tare da an biya ka ba, amma hirar maƙwabtanka amana ce da ba za ka ɗauko masa ba, kuɗin katin kuma ya riƙe abinsa.

Wallahu a'alam.