Kar ka sa hannu a wannan 38,000 tukuna

Toh ƙanena, na ga saƙonka kan yarinyar nan 'yar shekara uku, wai mashin ɗin ƙirga ƙwayoyin jini na ɗakin gwajinku ya ba ka filatilet 38,000, ƙwayoyin nan masu tsayar da zubar jini, safa'ih dai yadda muke cewa a nan Gadarif, alhali lafiyayye daga 150,000 yake farawa har 450,000, uwar ta ruɗe kai ma ka ruɗe, kana tambaya ko ka tura wa likita haka.

Dakata. Ka ce ba haɓo, ba ɗigo-ɗigon ja a fata, alamun ƙarancin filatilet ke nan, wasanta take da mayafin uwarta. Wannan ba hujja ba ce, amma ya isa ka yi shakkar lambar. Waye ya ɗebi jinin? Yara ka san su, jijiya siririya ga kuka ga shure-shure, jinin na zuwa da ƙyar, kafin a zuba a kwalba ya fara daskarewa a sirinji, kuma gudan jini ɗan mitsitsi ya isa ya kwashe filatilet. Ɗaga kwalbar a haske, sa ɗan tsinke ka duba.

In ba guda, toh kwalbar ce kanta, mai murfi ruwan goda, ta EDTA, maganin da ke hana jini daskarewa a kwalba. Akwai mutanen da jininsu na haɗuwa da maganin nan sai filatilet su manne wa juna curi-curi, a jiki lafiya lau suke, a kwalba kawai suke haka, shi kuwa mashin girma yake aunawa, curin ya fi girman filatilet sai ya tsallake shi, wani lokaci ma ya lissafa shi cikin fararen ƙwayoyin jini. Ka shafa jinin a gilashi ka rina, ka sa a madubin ƙara girma, ka je can wutsiyar shafin da gefe-gefe, nan suke taruwa kamar tumaki a inuwa. Ni wallahi duk lamba ƙasa da 100,000 sai na sa ido a madubi.

Ka ga curi? Sake ɗiba a mai murfi shuɗi, ta sitiret, wani maganin hana daskarewa daban, cika har layi, auna nan take, ka ninka da 1.1 saboda ruwan ciki ya tsarma jinin.

Amma fa damina ce, maleriya da zazzaɓin dengi na karya filatilet da gaske, in shafin ya fito wayam ba curi, kira likita yanzu-yanzu. In kuma curin ne ka rubuta a takardar, ka ce wa uwar ta adana ta, duk inda za a sake ɗibar jinin ta nuna.