Amsa ga Malam Isuhu kan kwamfutar da ta ƙi tashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da marece. Malam Isuhu, na ji saƙonka tun azahar, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ka ce kwamfutarka ta ƙi tashi tun da aka ɗauke wuta aka maido, kana tsoron lambar lasisin Windows da Office da ka sa kuɗinka sun salwanta.

To Malam, don girman Allah kar ka bari kowa ya yi mata formataj, wato goge komai a sake sa Windows, tukuna. Kowa, ko ni ne. Nan mutanenmu ke yin asara, a kai na'ura bakin kasuwa, yaro ya goge komai cikin rabin awa, sannan a zo ana neman lamba. Na'ura ta mutu, amma sau da yawa disk dur ɗinta, wato ma'ajiyar bayananta, lafiya lau yake, kuma a cikinsa lambobin suke.

Fara da juya ta. In ta zamanin Windows 7 ce, akwai 'yar takarda manne a ƙasa, wani lokaci sai ka cire batir za ka gan ta. Haruffa da lambobi 25 ne, biyar-biyar gida biyar. Ka ɗauki hoto. In ko da Windows 8, 10 ko 11 ta zo daga kamfani, tun 2012 lambar cikin kart mer, wato babban allon da ke cikin na'urar, ake dasa ta, ba takarda. Muddin kart mer ɗin bai ƙone ba, ana sake sa Windows iri ɗaya za ta gane kanta.

In duk babu, sai mu kwance disk ɗin, mu jona shi da wata kwamfuta ta wayar USB. Akwai ƙaramar manhaja, ProduKey, da ke leƙa jakar Windows ta wancan disk ɗin ta karanto lambar. Amma ka lura, in ta nuna maka lamba mai ƙarewa da 3V66T, wannan ta kowa da kowa ce ta Windows 10 Pro, ba taka ba ce, ba za ta kunna wata na'ura ba.

Office ne ke damuna. Na 2010 zuwa baya, lambarsa tana fitowa cif da manhajar nan. Daga 2013 kuwa haruffa biyar na ƙarshe kawai na'ura ke ajiyewa. Sai dai ka shiga asusunka na Microsoft, ko ka nemi imel ko rasit na wanda ya sayar maka. Ɗalibai na jami'ar Dan Dicko da yawa sun zo mini da wannan, wallahi ina jin zafin abin.

Af, na manta. In disk ɗin na kulle da BitLocker, wato makullin Windows mai hana a karanta shi, ba ya buɗuwa sai da wata lamba mai alƙaluma 48, ita ma galibi tana cikin asusun nan na Microsoft. Ka tuno imel ɗin da ka buɗe shi da shi.

Ka kawo ta gobe bayan la'asar in Allah ya kai mu, haɗe da cajarta, don ita ma ina zarginta.