Abin da ya sa mu da mahaifinka muke kewar Hulk da jaruman talabijin na da

Assalamu alaikum. Ɗana, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, kuma na ga ya dace in zauna in amsa maka da ɗan tsawo, domin ni sa'an mahaifinka ne, kuma da idona na kalli abin da yake ba ka labari. Ka ce ba ya gajiya da ambaton shirye-shiryen jaruman talabijin na da, irin su Hulk da Batman da Wonder Woman, har ka nemo wasu a intanet ka kalla, sai ka tarar da mutum ne aka shafa wa fenti yana jifa da duwatsun soso, ka rasa dalilin da zai sa dattijo mai hankali ya riƙa kewar wannan alhali ga finafinan yau da kwamfuta ta ƙawata. Ka kuma tambayi wanda ya kamata ka fara da shi in kana son ka fahimce shi.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma ba zan musa maka ba. Fenti ne, duwatsun kuma na soso ne. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba za ka same su ba in ka kalli minti biyar a wayarka kana tsallake wuraren magana, wato yanayin da muka kalli shirye-shiryen a ciki, da kuma labarin da ke ƙarƙashin fentin.

A farkon shekarun 1980 muna zaune a Kaduna, kuma a layinmu gaba ɗaya gidaje uku ne kawai suke da talabijin. Wanda muke zuwa na wani maƙwabcinmu ne da ke aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, Allah ya jiƙansa. Talabijin ɗin mai baƙi da fari ne, yana cikin akwatin katako mai ƙofa biyu da ake zugewa, kuma maigidan ne kaɗai yake riƙe da makullinsa. Tashar ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, kuma ba kowane yaro ake bari ya shiga falon ba sai ya wanke ƙafafunsa a bakin famfo, sannan ya zauna a kan tabarma ba tare da hayaniya ba. Ba mu da kaset, ba a kuma maimaita shiri don wani ya makara, saboda haka wanda aka aika ko aka hana shi fita a ranar ya rasa ke nan, sai dai washegari a ba shi labari a hanyar makaranta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, haka za mu watse jiki a sanyaye, kuma akwai labaran da ban ga ƙarshensu ba sai bayan shekara talatin. Turancinmu ma bai taka kara ya karya ba. Wani yayanmu da ke aji uku na sakandare shi ne tafintanmu, yana raɗa mana abin da aka ce, mu kuma abin da muka fi damuwa da shi shi ne mu gane wane ne akta, wane ne bos.

Shirin da ya fi zauna mini a rai shi ne The Incredible Hulk. An fara shi a Amurka da fim na gwaji a ƙarshen 1977, sannan tashar CBS ta ci gaba da nuna shi mako-mako daga 1978 zuwa 1982. Bill Bixby ne ya fito a matsayin Dokta David Banner, likita kuma mai bincike wanda matarsa ta rasu a haɗarin mota yana tsaye ya kasa ɗaga motar ya ceto ta. Wannan baƙin ciki ne ya sa ya duƙufa wajen binciken inda wasu mutane suke samun ƙarfi na ban mamaki a lokacin tashin hankali, har ya gwada wani haske mai ƙarfi da masana ke kira gama a jikinsa, ya kuma sha fiye da yadda ya yi niyya ba tare da ya sani ba. Daga ranar, duk lokacin da ya fusata ko aka cutar da shi sai ya rikiɗe ya zama wani ƙato marar magana, wato Hulk, wanda Lou Ferrigno, gwarzon gasar gina jiki, yake fitowa a matsayinsa. Bayan wata gobara a ɗakin bincike duniya ta ɗauka Banner ya mutu, aka kuma ɗora wa ƙaton laifin kisansa da na abokiyar aikinsa, shi ya sa ya shiga duniya da jaka ɗaya a kafaɗa, yana neman magani, yayin da wani ɗan jarida mai naci, Jack McGee, yake bin sawunsa gari-gari.

Ka lura da wannan tsari, domin a nan ne ƙarfin shirin yake. A kowane kashi na kusan minti hamsin, ƙaton ba ya fitowa sai sau biyu a mafi yawan lokuta, kuma kowace fitowa 'yan mintoci ce. Sauran lokacin duka labarin baƙo ne da ya sauka a wani ƙaramin gari, ya sami aikin wanke-wanke ko lebura ko gadin makaranta da sunan aro, kullum yana riƙe da David amma yana sauya sunan mahaifi da wani mai farawa da harafin B. Can zai tarar da wani bawan Allah cikin matsala, ya kasa kau da kai, a yi masa duka, a jefa shi a rami ko a kulle shi a ɗaki, sai kyamara ta matso kusa da fuskarsa mu ga idanunsa sun koma farare. A wannan lokacin falon maƙwabcinmu yakan yi tsit, sai ka ji wani yaro ya ce a hankali, "Sun ja wa kansu." Daga nan riga ta fara yagewa ta baya, takalmi ya tsage.

Shekaru muna kallonsa ba mu san ƙaton kore ne ba. A akwatin maƙwabcinmu launin toka yake fitowa, kuma mu a wurinmu haka Allah ya yi shi. Ranar da na fara ganinsa a talabijin mai kala, a gidan wani ɗan'uwanmu a Kano, na tsaya ina kallo kamar an kawo mini wani mutum dabam. Daga baya na karanta cewa Kenneth Johnson, wanda ya tsara shirin, ya so a mayar da shi ja saboda ja ne launin fushi, amma Stan Lee, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a mujallar labaran zane a 1962, bai amince ba. Johnson ɗin ne kuma ya cire masa magana, ya rage masa ƙarfi ƙwarai idan aka kwatanta da na mujalla, kuma a ganina wannan shawara ce ta ceci shirin. Da yake ba su da kwamfutar da za ta rushe musu birni, dole suka mayar da hankali ga mutum, shi ya sa za ka ga kashi guda a kan yaron da mahaifinsa yake jibga, wani a kan yarinyar da shaye-shaye ya kama, wani a kan mai taɓin ƙwaƙwalwa da ake wulaƙantawa.

Mahaifiyar maigidan, wata tsohuwa da duk muke kira Iya, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, kuma ba ta damu da wuraren faɗa ba, sau da yawa ma a lokacin take tashi ta duba tukunya. Amma ba ta taɓa bari ƙarshen shirin ya wuce ta ba. A ƙarshen kusan kowane kashi za a nuna Banner a gefen titi da jakarsa, yana ɗaga wa motoci hannu ko yana tafiya shi kaɗai, ana kaɗa wani sanyayyen kiɗan fiyano da Joe Harnell ya tsara. Iya takan girgiza kai ta ce, "Wannan bawan Allah, shi ba shi da dangi ne? Allah ya kai shi gida." Mu yara mun zo kallon ƙato yana jefa mutane cikin kududdufi, ita kuwa ta ga mutumin da fushinsa ya raba shi da kowa. Sai da na kai shekara arba'in, na ga yadda zuciya ta raba wasu da ayyukansu da iyalansu, sannan na sake kallon shirin na tarar Iya ce ta fi mu gane shi. Akwai wani abu kuma da ban lura da shi ba ina yaro, wato ƙaton ba ya kisa, yana ture mugu ya jefar da shi ya lanƙwasa bindigarsa, sannan ya gudu. Tun a fim ɗin farko abokiyar aikinsa ta yi bayanin cewa ƙaton ba zai kashe rai ba domin shi Banner ba mai kisa ba ne.

Na biyu a wurinmu shi ne The Six Million Dollar Man, wanda aka yi daga 1974 zuwa 1978, inda Lee Majors ya fito a matsayin Steve Austin, ɗan sama jannati da ya yi mummunan haɗarin jirgi aka kashe dala miliyan 6 aka sa masa ƙafafu biyu da hannun dama da idon hagu na inji. Labarin ya ce yana gudun mil 60 a awa ɗaya, to amma ta yaya za a nuna haka da kayan aikin wancan zamani? Sai suka yi dabarar rage gudun hoton, yana tafiya a hankali kamar a cikin ruwa, suka haɗa da wani sauti na inji, kuma kowa ya yarda cewa gudu ne na fitar hankali. A filin makarantarmu za ka ga yara goma suna ɗaga ƙafa a hankali suna yin sautin da baki, kowa yana cewa shi ne Steve Austin. Har yau ina jinjina wa wanda ya yi wannan tunani.

Batman na Adam West da Burt Ward, wanda aka yi kashi 120 daga 1966 zuwa 1968, shi ne nake zaton ya fi ba ka mamaki, kuma kuskuren da matasa suke yi shi ne auna shi da Batman na finafinan yanzu mai ɗaure fuska. Da gangan aka yi shi don ban dariya, har ma an sa shi a jerin masu takarar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, a rukunin shirin barkwanci. Yara suna kallonsa da gaske, manya kuma suna dariya, kuma masu shirin sun san da haka. Hawan bangon da Batman da mataimakinsa suke yi da igiya, a ƙasa suke tafiya a sunkuye aka kwantar da kyamara a gefe, kuma in ka duba fuskar Cesar Romero mai fitowa a Joker, abokin gabar Batman, za ka hango gashin bakinsa a ƙarƙashin farar hoda domin ya ƙi askewa. Wonder Woman ta Lynda Carter, daga 1975 zuwa 1979, ba mu cika ganinta ba, saboda maigidan ba ya son irin suturarta kuma yakan rufe akwatin in an sa ta, amma 'yan matan layinmu sun iya juyin nan da take yi kafin ta rikiɗe, suna kuma tare harsashin ƙarya da awarwaronsu. Superman na George Reeves na 1952 zuwa 1958 ya girme mu, sai a intanet na gan shi.

Ba duka ne suka jure wa zamani ba, kuma ba zan yaudare ka ba. Spider-Man na Nicholas Hammond na ƙarshen shekarun 1970 na sake kallonsa ban iya gama kashi biyu ba, labarin ba shi da nauyi, yanar da yake harbawa kuma igiya ce ƙiri-ƙiri. Ko a Hulk ɗin akwai kashi-kashi da aka yi su don cika mako kawai. Wani ɓangare na kewar da muke yi kuma na falon nan ne da tabarmarsa da mutanen da ke cikinsa, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma wannan ba zai fito a allon wayarka ba. Finafinan yau sun fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma nakan fito daga cikinsu an ceci duniya baki ɗaya ban riƙe fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka ceta ba, alhali har yanzu ina tuna yaron nan da Banner ya tsaya wa a makarantar da yake aikin kula da fili.

Game da inda za ka fara, ka nemi fim ɗin gwaji na Hulk na 1977 ka kalle shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake komai ba. Bayan shi ka nemi kashin da ya buɗe zango na biyu a 1978, mai suna Married, inda Banner ya auri wata likita mai fama da ciwon ajali a Hawai. Mariette Hartley ta ci kyautar Emmy a 1979 saboda rawar da ta taka a ciki. Kada ka jera su a dare ɗaya, domin an gina su ne don a kalla sau ɗaya a mako, kuma in ka haɗa biyar a jere maimaicin tsarin zai gundure ka. Ka haɗa wayar da talabijin ɗin falo, ka kira mahaifinka ya zauna, ka tambaye shi a gidan wa yake kallo da kuma wanda yake yi musu tafinta. Fim ɗin 1990 da aka kashe Banner a cikinsa ka bar shi sai can ƙarshe, bayan ka saba da mutumin. Bill Bixby kansa ya rasu a 1993 yana da shekara 59, kuma ni ban sake kallon wannan fim ɗin ba tun daga lokacin.