Kafin Ka Tura Kuɗi Japan, Duba Ɓangaren da Sitiyari Yake

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan motocin Japan suka taru. Samari na tambayar tsofaffin motocin gudu, masu sana'a na tambayar ƙananan akori-kura. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Malam, tun ina sakandare nake mafarkin Nissan Skyline GT-R, samfurin R34. Na ga wani shafi yana tallarta a kan dala 9,000 har da kuɗin jirgi zuwa Legas, sun ce in ba da rabi a riƙe min. In tura? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, ko sisi kada ka tura. Banza ba ta kai zomo kasuwa. R34 GT-R an ƙera ta ne daga 1999 zuwa 2002, kuma mai lafiya a yau kuɗinta ya haura dala dubu 100. Dalili shi ne Amurka na da doka cewa motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba, sai ta cika shekara 25 kafin a shigar da ita. R34 ta fara cika wannan sharaɗi a 2024, masu kuɗin can kuwa sun daɗe suna saye suna ajiyewa a Japan suna jiran ranar. To wane ɗan kasuwa ne zai bar waɗannan ya neme ka a Zariya da dala 9,000? Hoton motar wani suka ɗauko.

Ko da ta gaskiya ce, kuma kyauta aka ba ka, akwai katanga biyu a gabanka. Kamfanin Nissan bai taɓa fitar da wannan mota da sitiyari a hagu ba, Najeriya kuwa ba ta yarda a shigo da mai sitiyari a dama. Sannan kwastam na da iyakar shekaru ga motocin hawa: da 15 ne, aka rage zuwa 12. Lissafa shekarun R34 da kanka. In gudun kake so, nemi Toyota 86 ko Subaru BRZ ko Nissan 370Z waɗanda aka sayar a Amurka, sitiyarinsu a hagu tun daga masana'anta, ka zaɓi wadda shekarunta ba su wuce ƙa'ida ba. Ka kuma tuna da tudun rage gudu na unguwarku, don duk cikinsu a ƙasa yake.

Tambaya: Ina da ƙaramin gidan fiya wata a Kano. Kurkurar da nake rabo da ita ta gaji. Wani dillali ya ce zai kawo min Hijet ko Suzuki Carry kai tsaye daga Japan, a juya sitiyarin a nan. Wacce ta fi, kuma leda nawa za ta ɗauka?

Amsa: Alhaji, bari in fara da mai sauƙin. Waɗannan motoci a Japan suna cikin rukunin da suke kira kei. Doka ce ta ƙayyade musu komai: injin kada ya wuce cc 660, tsawo mita 3.4, faɗi mita 1.48, kaya kuma kilo 350. Buhun siminti bakwai ke nan. Ledar fiya wata mai guda ashirin kilo goma ce, saboda haka leda 35 aka gina motar ta ɗauka. Na san dariya kake yi, don ka ga ana loda musu ninkin haka har baya ya zauna a kan taya. Ana yi, shi ya sa kullum suke wurin bakanike da ƙonannen kuloci da karyayyen sifirin, injin yana tafasa a ƙarƙashin kujerar direba cikin zafin Afrilu. Tsakanin Hijet da Carry ba wani babban bambanci, ka ɗauki wadda bakanikenka ya saba da ita kuma ake samun kayanta a Ƙofar Ruwa. Honda Acty da tsohuwar Subaru Sambar motoci ne masu kyau, amma injinsu ba a inda aka saba yake ba, ɗaya a tsakiya ɗaya a baya, kuma neman kayansu zai sa ka ajiye mota mako biyu saboda abin da bai kai tafin hannu ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci a wasiƙarka: "a juya sitiyarin a nan". Yadda mutane ke furta wannan magana kamar canjin taya ne yake ba ni tsoro.

A Japan ta hagun titi ake tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972. Duk wata ƙaramar akori-kura da aka yi don cikin Japan, sitiyarinta a dama yake. To ta yaya suke cika titunanmu? Da yawansu ba a matsayin mota suke shigowa ba. A can ake kwance su, wasu a yanke kan motar, a cusa a kwantena a rubuta kayan gyara ne, in sun iso a haɗa da walda. Mutum ya saya yana murna ya samu 'yar Japan, alhali rabin aikin da ke jikinta a bakin titi aka yi shi da janareta.

Juyen sitiyari na ƙwarai ba ƙaramin aiki ba ne. Ana bukatar rak ɗin sitiyari na hagu na asali, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, da mazaunin feda, da tukunyar birki da bututunta a sabon wuri, da dashbod, da wayoyi, da waifa, da fitilun gaba. Wanda zai yi duk wannan da kayan asali, kuɗin da zai caje ka zai cinye arahar da ta kai ka Japan tun farko. Shi ya sa ba a yi. Abin da ake yi shi ne a kifa rak ɗin daman, ko a yanke sandar sitiyari a ƙara mata ƙarfe a like, a lanƙwasa bututun birki da hannu, a huda bodi a ɗaure feda da ƙusa biyu. A shafa fenti, a sa sabuwar leda a kujera. Ranar da ka je gani tana sheƙi.

Na taɓa tsayawa a wani gareji aka jawo irin wannan mota da igiya. Direban ya ce yana cikin tafiya ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, yana juyawa taya ba ta amsawa. Allah ya taimake shi a cikin layi ne, yana tafiya a hankali, katangar wani gida ta tare shi. Da aka leƙa ƙasa, waldar sandar ce ta ɓalle. Da a titin Zariya ne da lodi a baya fa? Irin wannan mota ba ta da hanci, tsakanin gwiwar direba da abin da zai daka gwangwani ne kawai. Kuma yaron da za ka ba tuƙin ɗan wani ne, da amana aka ba ka shi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mai saye kan ɓata awa guda yana duba fenti da rediyo, yana ƙwanƙwasa ƙofa, amma ba zai durƙusa minti biyu ya kalli ƙarƙashin sitiyari ba, wai kada rigarsa ta yi datti. In za ka sayi wadda ta riga ta shigo, ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. A ɗaga kujera, a cire tabarmar ƙasa, a haska tocila. Duk walda a jikin sandar sitiyari, ka juya ka tafi, kome arahar. Ka duba ko akwai tsohon rami da aka toshe a gefen dama. Ka kunna waifa: in tana share gaban fasinja tas tana bar wa direba kusurwa, ba a canza ta ba, kuma za ka gane kurenka a damina. Da daddare ka haska fitila a bango. Fitilar Japan tana ɗaga haskenta ne ta hagu, wanda a titinmu idon mai tahowa ke nan. Ka bi ginshiƙan kan motar da yatsa ka ji ko akwai tudun walda a ƙarƙashin fenti. Ka kuma leƙa shasi, don motocin da suka yi aiki a arewacin Japan, wajen Hokkaido, gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yakan cinye su ta ƙasa.

Sai takardu. Motar da ta shigo da sunan kayan gyara, wace takardar duti za a ba ka? Lambar shasin da ke takarda ta yi daidai da ta jikin ƙarfe, harafi da harafi? In ba ta yi ba, ranar da kwastam suka tare yaronka a hanya, dillalin ba zai ɗaga waya ba.

Shawarata, ka nemi wadda aka haifa da sitiyari a hagu. Akwai ƙananan akori-kura na China irin su Changan da DFSK, akwai Daewoo Labo ta Koriya wadda asalinta ma daga Carry aka samo ta. Ƙarfensu ba lallai ya kai na Japan ba, ban ɓoye maka ba, amma ba wanda ya taɓa yanka musu sanda.

Tambaya: Ni uwa ce, mijina ya rasu bara. Ɗana na fari ya karɓi rabonsa na gado, ya ce Mazda RX-7 zai saya wurin wani a Abuja, wai kadara ce, kuɗinta hawa yake yi. Ban san mota ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron in hana shi ya ga kamar na tsane shi.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta, ya ba ki ladan riƙon marayu. Hankalinki bai yi ƙarya ba, kuma ba sai kin san mota ba kafin ki ji abin da kika ji.

Yaron yana da 'yar gaskiya: masu kyan cikinsu kuɗinsu ya hau a Amurka da Japan. Amma waɗancan a ɗaki suke, a lulluɓe, da takardar kowane gyara da aka taɓa yi musu. Wadda ta sha ƙurar harmatan da man gidajen manmu, wa zai saye ta da tsada, kuma a ina? Ga babbar matsalar: injin RX-7 ba irin na sauran motoci ba ne. Ba shi da fistin, wani abu ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Yana shan fetur sosai, yana ƙona baƙin mai da gangan don haka aka tsara shi, ba ya son zafi, kuma in ya lalace makanikan da za su iya buɗe shi su mayar daidai ba su da yawa a ƙasar nan. An daina ƙera motar tun 2002, kayanta sai an yi oda daga waje da dala.

Kada ki ce masa a'a kai tsaye, samari ba sa jin wannan. Ki ce kin yarda da sharaɗi uku: ya kawo miki bakaniken da ya taɓa gyara irin injin ya yi magana da baffansa, ya kawo farashin sabon injin a rubuce, ya kuma nuna takardar dutin motar. Ki sa baffan ko wani aminin mahaifinsa ya zauna da shi. Ina kyautata zaton kafin ya cika na biyu zai dawo da wata maganar da kansa. Ki yi ta masa addu'a, yaro ne kuma yana cikin kewar uba.

Tambaya: Wani ya turo min takardar gwanjo ta wata mota mai sitiyari a hagu da ke Japan, za a sauke min a Kwatano. An rubuta R a sama, ya ce ma'anarta mota ce ta musamman. Haka ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Ta musamman ce ƙwarai, don ta taɓa yin haɗari an gyara. Ma'anar R ko RA ke nan a gidajen gwanjon Japan irin su USS. Masu lafiya lamba ake ba su: 5 kamar sabuwa, 4.5 da 4 masu kyau, 3.5 ta fara gajiya. A zanen motar da ke ƙasan takardar, A ƙarzuwa ce, U lotsawa, W wurin da aka yi gyaran bodi, XX kuma ɓangaren da aka canza. Wanda ya yi maka ƙarya a harafi ɗaya zai yi maka a mita. Ka nemi takardar fitarwa ta hukumar Japan, tana ɗauke da kilomitar da aka rubuta lokacin binciken lafiyar mota da suke kira shaken, ka gwada da abin da mita ke nunawa yanzu. Ka tambaya farashin FOB ne, wato ban da jirgi, ko CIF, wato har da jirgi da inshora. Kuɗi kuma asusun kamfani a bankin Japan ake turawa. In aka ba ka asusun mutum, ko na wata ƙasa daban, ka rufe wayarka. Wannan dillalin dai ka rabu da shi.

Tambaya: Ina da Golf 3. Zan iya sa mata injin Toyota Supra, 2JZ, in riƙa yin Kaduna zuwa Abuja a awa ɗaya?

Amsa: Injin silinda shida ne a jere, a tsaye ake ɗora shi yana tura tayoyin baya. Golf ɗinka injinta a gicciye yake yana jan na gaba. Ba zai shiga ba sai an yanka motar, kuma ka karanta abin da na ce a kan yanka a sama. Ka gyara birkinka, ka tashi da wuri.