Ku Tambayi Mai Gyara: Wai kile na ƙara ma kwamfuta sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya ina fama da jama'a. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, ina cikin rubuta memwar ɗina na gama karatu. Kwamfutar tawa okaziyo ce yayana ya sayo min, RAM jiga 2, Windows 10, wallahi in na kunna ta sai in dafa shayi in sha kafin ta gama tashi, in ko na buɗe Word da Chrome tare shikenan ta ƙame. Wani abokina ya ce in soka mata kilen USB in kunna wani tsarin Windows da ake kira ReadyBoost wai kilen zai zama RAM. Gaskiya ne? In saya ko in bari?
Daga ƙaninka a Garin Malam

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar memwar. Abokinka ya ji ƙamshin gaskiya amma kile ba ya zama RAM, wato wurin da kwamfuta ke aje abin da take aiki da shi a lokacin, ko nawa ka saye shi.

ReadyBoost ɗin nan Microsoft ta fito da shi tare da Windows Vista a 2007, lokacin da kwamfutoci da yawa RAM ɗinsu bai wuce mega 512 ko jiga 1 ba. Kai ɗan Damagaram ne ka san sha'anin ruwa, to ka ɗauka RAM randa ce cikin ɗaki, diski kuma pampon unguwa ne mai layi. In randar ƙarama ce dole kullum kana kan hanyar pampo. ReadyBoost bido ne aka aje maka a zaure, zai rage maka zirga-zirga, amma randarka tana nan yadda take.

Dalilin da ya sa yake ɗan taimakawa: tsohon diski faifai ne ke juyawa a ciki, na kwamfutar hannu galibi sau 5400 a minti, da wata allura da sai ta yi tafiya ta nemo abin da aka aike ta, shi ne wannan ƙar-ƙar-ƙar da kake ji in ka kara kunne kusa da kilabiye. Kile babu abin da ke motsi cikinsa, shi ya sa wajen ɗauko ƙananan abubuwa da suka watsu nan da can ya fi diski hanzari nesa ba kusa ba, sai Windows ta kwafe irin waɗannan ta aje a kilen. Amma babban fayil kamar bidiyo diskin ya fi shi, balle in ramin USB 2.0 ne da da ƙyar yake wuce mega 30 a sakan.

To a taka mai jiga 2 da tsohon diski, za ka iya jin ɗan sauƙi wajen buɗe abin da ka saba buɗewa kullum. Ɗan sauƙi fa na ce. Chrome zai ci gaba da cinye maka RAM. In kana da kile a aljihu gwada, ba ka rasa komai: soka shi, danna dama a kansa, Propriétés, sai ReadyBoost. In ta ƙi karɓa kilen ne ba shi da sauri. Ko ka zare shi tana aiki ba abin da zai ɓace don asalin komai na kan diski. Sai dai kar ya zama kilen da kake aje memwar ciki, wannan ka ware masa nasa daban, ina roƙonka.

Abin da ba na so shi ne ka cire kuɗinka ka sayi sabo saboda wannan. Jabun kile sun cika gari, an taɓa kawo min wani an rubuta jiga 64 a jiki, muka zuba hotunan biki rabi suka dawo ba su buɗuwa, mai shi har da hawaye.

Ka tara kuɗin ka sa SSD, wato sabon irin diski da babu abin da ke juyawa cikinsa. Kwanan baya wata malamar lekol ta kawo min tata irin taka sak, na kwance ƴan ƙusoshin baya na zare diskin, ƙurar hunturu ta toshe fanka har ta yi dunƙule kamar auduga, na share na sa SSD mai jiga 256, da na kunna tana tsaye tana neman sharja cikin jaka kafin ta ɗago kwamfutar ta tashi. SSD na SATA, wato irin wanda ke shiga gurbin tsohon diski, na kai wajen mega 500 a sakan, kuma da ka sa shi Windows da kanta take kashe ReadyBoost don ba shi da sauran amfani. Ga kuma SSD ya fi jure jijjigar kabu-kabu, wanda shi ke kashe tsoffin diski da yawa a garin nan.

Bayan shi sai RAM, ka kai ta jiga 4 ko 8 in tana ɗauka. Ka tafi da kwamfutar wajen mai gyara ya duba irin RAM ɗinta, ko DDR3 ce ko DDR4, don ba sa shiga ramin juna, kuma a gwada gabanka kafin ka biya. Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya ka kwafe memwar ɗinka wuri biyu, ka tura ma kanka a imel.