Wata huɗu ina sassarfa, kilo ɗaya kacal ya sauka

Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa kana fita motsa jiki kwana biyar a mako, kana so ka san ko dole sai ka damu da irin abincin da kake ci kafin ƙiba ta ragu, ko kuwa tunda kana zubar da gumi za ka iya cin duk abin da ranka ya so. Na ga wasu sun ce ka ci abinka gudu zai ƙone shi, wasu kuma sun ce ka yi sallama da tuwo da shinkafa har abada. Ni ba likita ba ne, amma hanyar nan na biyo, bari in ba ka labarina ka tsinci abin da zai amfane ka.

Shekara uku da suka wuce na hau sikeli a wani kemis, ya nuna kilo 98. Ni kuwa ba dogo ba ne, saboda haka duk nauyin a teɓa ya taru. Ba ma sikelin ne ya tayar min da hankali ba, zaman tahiya ne ya fara yi min wuya, kuma in na sunkuya ɗaure takalmi sai in ji numfashi yana yankewa. Sai na ɗaura niyya. Kullum bayan Asuba in sa kambas in hau titin Bauchi, in wuce wajen Jami'ar Jos in juyo, wayata ta nuna kilomita biyar. Ka dai san garin nan, tudu da gangare, ga shi muna sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, ga sanyin Disamba da ke shiga har ƙashi. Ban yi wasa ba. Wata huɗu cur, ranar Juma'a da Lahadi kawai nake hutawa.

Da na koma kan sikelin nan, 97. Har na ce wa yaron kemis ɗin ya duba batir.

Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya warware min. Bai ce komai a kan gudun ba, ya ce in faɗa masa inda nake zuwa idan na gama. Ina kuwa zan je in ba teburin mai shayin unguwarmu ba? Sanyi ya kaɗa ni, ciki ya buɗe, kuma a raina na yi aiki dole in biya kaina. Indomi biyu, ƙwai biyu, haɗin kauri kofi babba, wani lokacin har da rabin burodi da bota. Ya ɗauki biro ya yi min lissafi a bayan wata takarda. Ya ce kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, wato ni da kilo 98 a kilomita biyar ban kai 500 ba. Ƙunshin indomi ƙarami ɗaya ya haura kalori 300, biyu sun haura 600. Ƙwai biyu wajen 150. Man da mai shayi ke kwararawa a kasko, kowane babban cokali kalori 120 ne, kuma ba ya tsayawa a cokali ɗaya. Kafin a zo kan madara da suga da burodi an riga an kusa dubu. Minti arba'in ina tufka, minti goma ina warwara, har da ƙari. Ya kuma ce kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, in lissafa sau nawa zan bi titin Bauchi kafin in biya wannan bashin. Na yi shiru.

To a nan ne amsar tambayarka take, kuma baki biyu gare ta, shi ya sa mutane ke ta musu kowa yana riƙe da rabi.

Masu cewa yawan abinci ne magana ba irinsa ba, ba ƙarya suka yi ba. A 2010 wani farfesan ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, Mark Haub, ya gwada a kan kansa. Mako goma yana rayuwa galibi a kan kek na leda da biskit da kayan ƙwalam irin na kanti, amma ya taƙaita kansa ƙasa da kalori 1,800 a rana, yana ɗan haɗawa da ƙwayar bitamin da kayan lambu kaɗan. Ya rage kusan kilo 12. Wato in abin da ke shiga bai kai abin da jiki ke ƙonawa ba, nauyi zai sauka ko da cincin kake ci.

Sai dai shi farfesa ne mai sikelin awon abinci da littafin rubutawa, kuma mako goma kawai ya yi. Ni da kai ba ma auna tuwo, cikinmu ne ke ce mana ya isa. Kuma ciki ba ya ƙirga kalori, cika yake ji. Shi ya sa gwajin da ya fi kama hankalina shi ne wanda Kevin Hall ya jagoranta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka wallafa shi a 2019. Mutum 20 aka kwantar a cibiyar na kusan wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita suga da mai da sauran sinadarai a abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai ga shi suna cin ƙarin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba, suna kuma ci da sauri, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka rage kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce musu su rage ci. Ka lura da lambar nan, 500. Ita ce daidai sassarfata ta kilomita biyar.

Saboda haka ni a fahimtata, yawan abin da ka ci ne ke sa sikeli ya sauka ko ya hau, amma irin abin da ka ci ne ke yanke ko za ka iya tsayawa a ɗan kaɗan ɗin ba tare da ka wuni kana kokawa da yunwa ba. Kokawa da yunwa kuwa, in ka kayar da ita yau da gobe, jibi ita za ta kayar da kai.

Abin da ya ba ni dariya shi ne maganin yana ƙofar gidanmu. A 1995 wasu masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada abinci iri 38, kowanne kalorinsa daidai da na ɗan'uwansa, don su ga wanne ya fi riƙe ciki. Dafaffen dankalin Turawa ne ya zo na ɗaya, ya ninka farin burodi fiye da sau uku. Dankalin da ake lodowa daga Bokkos da Mangu, wanda mutanen wasu jihohi ke roƙonmu mu riƙo musu tsaraba. Amma dafaffe fa. Giram 100 na dafaffen dankali bai kai kalori 90 ba, in aka yanka shi siri-siri aka tsoma a mai sai ya tashi wajen 300. Dankali ɗaya, gona ɗaya, kasko ne ya raba su.

Da na gane haka ban daina cin komai na gargajiya ba, gyara kawai na yi. Karin safe ya koma dafaffen dankali da ƙwai biyu dafaffu da ɗan yaji, ko alale, ko ragowar wake. Da rana in shinkafa ce, rabin faranti ya zama kabeji da karas da latas, waɗanda a kasuwar Farin Gada ba sa ƙarewa, ga araha in ka kwatanta da yadda 'yan Abuja ke sayensu. Da dare malmala ɗaya maimakon biyu, miya kuwa da yawa, kuka ko kuɓewa ko ganye. Na koma wa gwaten acca da na raina tun ina yaro, wanda ake cika shi da alayyafo da yakuwa da gauta. Kwano guda zai cika ka dam, kuma mafi yawansa ganye ne da ruwa. Wake, ƙwai, kifi, nono, awara da nama maras kitse na ƙara su, don abincin gina jiki ya fi daɗewa a ciki, kuma shi ke tsare tsoka kada ta zube tare da kitsen.

Yaƙin da ya fi zafi a gida aka yi shi, a kan man girki. Uwargida ta saba tuttulawa daga galan, in miya ba ta yi ƙyalli a sama ba a wurinta ba ta haɗu ba. Da na kawo maganar auna mai da cokali sai ta ce ko dai kuɗin cefane ne suka fara yi min yawa in faɗa mata gaskiya. Da ƙyar muka daidaita. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na sinadarin gina jiki 4, kuma mai ba ya cin wuri a ciki, shi ya sa yake shigewa ba a sani ba. Man gyaɗa ne ko manja, a wannan lissafin duk ɗaya suke.

Sai abin sha. Lemun kwalba na roba mai rabin lita yana ɗauke da suga wajen giram 50, kwatankwacin ƙananan cokula 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wanda ga yawancin manya kusan giram 50 ɗin ne. Roba ɗaya ta cinye rabon yini. Kuma kada mu ɗora wa lemun kanti laifi shi kaɗai, zoɓon gida da kunun zaƙi da lemun citta in an zuba musu suga da ludayi duk kanwar ja ce. Ni da na yanke abin sha mai zaƙi kawai, kafin in taɓa komai, a wata na farko na ga bambanci a bel ɗina.

Wani tarkon kuma da na faɗa daga baya shi ne na "ai wannan mai lafiya ne". Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma wa ke ƙirga gyaɗa in ana hira? Haka zuma, haka dabino, haka fura da nono in an dama ta da kauri an sa suga. A azumin farko bayan na fara gyara, kilo biyu na maido, alhali wuni nake ban ci ba. Ƙosai, soyayyen dankali, kunu, zoɓo, sannan a ci abinci, sannan a dawo daga asham a sake taɓawa. Hadisin nan na kaso uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, duk mun haddace shi, sai an kira Magariba mu manta.

Kada ka ji duk wannan ka ce to gudun ba shi da amfani. Akwai binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka fitar a 2012 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, masu farauta da neman abinci a daji, kullum a ƙafa suke. Aka auna aka ga abin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai wani fi na mutanen birane a Turai da Amurka ba, in an yi la'akari da girman jiki. Jiki yana da wayon tsimi, in ka ƙona a nan sai ya rage a can. Ni kaina na lura ranar da na yi gudu sosai, ko zuwa bakin titi sai in nemi yaro in aika. Amma a wata huɗun nan da sikeli ya ƙi motsi, barcina ya gyaru, awon jinina ya yi kyau, hawa bene ya daina sa ni haki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kai ka riga ka cika na farkon, ka riƙe shi da kyau, in ba ka ɗaga ƙarfe ko irin su dannawa a ƙasa ka ƙara.

Shayin rage teɓa da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp kuwa, na saya sau ɗaya. Kwana uku na yi ina zarya bayan gida, sikeli ya sauka, na sha ruwa ya dawo inda yake. Ka bar kuɗinka ka sayi ƙwai.

Daga 97 zuwa 86 wata goma ya ɗauke ni, akwai makonnin da ko gezau. Rabin kilo a mako ba ƙaramin ci gaba ba ne, kada gaggawa ta sa ka bar cin abinci ka fita gudu ka yanke jiki a titi. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin ka ci komai. Ni ma zare na fi yarda da shi: ka auna tsawonka da zare, ka ninke shi gida biyu ya koma rabin tsawonka, ka zagaya cikinka wajen cibiya. In bai haɗu ba da sauran aiki. In kuma kana da ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki, kada ka sauya cin abincinka da maganar irinmu, ka fara ganin likitanka, musamman in kana shan maganin suga.

Abin da zan roƙe ka, kwana uku ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har gyaɗar da aka miƙo maka a shago da tsiren da aboki ya saya. Kada ka sauya komai, rubutawa kawai. Ka duba musamman awa ɗayan da ke biyo bayan motsa jikinka. In ka ga dama ka turo mana nan mu duba tare.

Mai shayin namu kuwa har yau ina zama teburinsa ranar Asabar, ruwan bunu da dafaffen ƙwai biyu. Duk na zauna sai ya tambaye ni ko albashi ne bai shigo ba.