Hoton ɗan takara a gaban shagona: wa ke da ikon cirewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni tela ne, shagona yana bakin titi. A zaɓen 2023, bayan INEC ta buɗe fagen yaƙin neman zaɓe, na kafa allo mai hoton ɗan takararmu a gaban shagon. Kwana uku sai ga ma'aikatan wata hukumar jiha da mota, suka tumɓuke shi, wai ban biya kuɗin izini ba. Alhali hotunan 'yan jam'iyyar gwamna sun cika shataletale, ba wanda ya taɓa su. Ba INEC ce ke da iko da harkar zaɓe ba? Ina so in san matsayina kafin wata kakar ta zo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ka haɗa wuri guda, kuma mutane da yawa haka suke yi. INEC lokaci take bayarwa. Wurin da za a kafa allo kuwa ba nata ba ne.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a sashe na 94 ana fara kamfe a bainar jama'a kwana 150 kafin ranar zaɓe, a rufe saura awa 24. Shi ya sa masu neman shugaban ƙasa da majalisun tarayya suka fara ranar 28 ga Satumba 2022, masu neman gwamna da majalisun jihohi kuma 12 ga Oktoba. Ta nan ba ka yi laifi ba. Amma buɗe fage ba ya nufin kowane bango, kowace turakar wuta, kowace gada sun zama halal ga mai gam da tsani.

Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kula da allunan talla na waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A aikace jihohi ne suka karɓe ragamar. Legas ta kafa hukumarta ta kula da allunan talla, LASAA, tun 2006, wasu jihohi suka bi sahu da nasu, wasu suka bar aikin a hannun hukumomin tsara birane. Lauyoyi sun daɗe suna kai ruwa rana kan ko jiha na da hurumin karɓar kuɗin da tsarin mulki ya ambaci ƙaramar hukuma a kansa, jihohin kuma suna cewa da yawun ƙananan hukumomin suke yi. Ni dai ban ba ka shawarar tsayawa gaban motarsu kana karanto jadawali na huɗu ba. Wannan muhawara ta kotu ce.

To ina allonka yake tsaye? Nan ne gizo ke saƙa. Ka ce "a gaban shago". Idan ƙafafunsa suna kan hanyar masu tafiya a ƙasa ko gefen kwalta, filin gwamnati ne, kuma neman izini a kansa ba sabon abu ba ne, ko tallan ɗinkinka ne aka rubuta. Idan kuwa fosta ce ka manna a ƙyauren shagonka ko cikin tagarka, hujjarka ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin bayyana ra'ayi. Duk da haka dokokin wasu jihohi suna shafar duk allon da ake hangowa daga titi, ko a filin mutum yake, don haka sai ka nemi taku dokar ka karanta. In shagon haya ne, kada ka manta mai gida ma yana da ta cewa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi damuna. A 2022 hukumar alluna ta jihar Anambra ta sanya wa mai neman shugaban ƙasa naira miliyan 10 kafin ya liƙa hotunansa. Kuɗin izini don tsaftar gari abu ne mai ma'ana, wanda ya ga yadda fosta ke toshe kwata bayan zaɓe ba zai musa ba. Amma in kuɗin ya kai inda sai mai gwamnati a hannu zai iya biya, ya tashi daga tsara gari ya koma tankaɗe 'yan takara.

Batun shataletale kuma, wataƙila sun biya, kada ka yanke hukunci tukuna. In ba su biya ba aka ƙyale su, sashe na 95 na dokar 2022 ya hana amfani da hukumomin gwamnati don fifita wata jam'iyya ko danne wata. Sai dai kotu ba ta aiki da "kowa ya gani". Ka ɗauki hoto da kwanan wata, naka da nasu. Ka nemi su ba ka takardar da ta nuna dokar da suka dogara da ita da adadin kuɗin. In za ka biya, ka biya a asusun gwamnati ka karɓi rasit, kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu. Sannan ka kai wa lauyan jam'iyya, domin ƙorafin ya fi nauyi in daga ɗan takara ya fito. Sau da yawa ma ofishin kamfe ya riga ya biya kuɗin izini a dunƙule, tambaya kawai za ka yi.

Akwai inda ko rasit ba ya ceto. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana kamfe a masallaci, coci, ofishin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati. Ranar zaɓe kuma sashe na 126 ya hana neman ƙuri'a ko nuna hoto da tambarin jam'iyya a rumfar zaɓe da tazarar mita 300 daga gare ta, hukuncin da dokar ta 2022 ta tanada shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. In rumfar unguwarku tana firamaren da ke bayan shagonka, ka sauke allon tun jajibiri.